Kafin A Raba Takin Bana: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Aikin Gona Na Jihohin Arewa

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina yi muku barka da aiki. Na rubuto wannan takarda ne tun damina ba ta kankama ba, daidai lokacin da ake shirin ƙaddamar da sayar da takin zamani a jihohinku, domin akwai maganar da ba na ji a wajen irin wannan biki, alhali a kanta ribar takin ko asararsa ta rataya. Kowace shekara ana faɗa mana tirela nawa aka sayo, nawa buhu zai kama bayan rangwame, da matakin da za a ɗauka kan masu karkatar da shi. Duk wannan daidai ne. Abin da ba a taɓowa shi ne abin da takin yake yi idan ya shiga ƙasa, musamman ga ƙananan halittun da ke zaune a jikin saiwar shuka, waɗanda suke ciyar da gero da dawa da wake tun kafin buhun taki na farko ya shigo ƙasar nan.

Kada a lissafa ni cikin masu cewa takin zamani guba ne, a yi watsi da shi. Ƙasarmu yunwa take ji. Lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja cikin watan Yunin 2006, abin da ake zubawa a hekta ɗaya a ƙasashen kudu da Sahara bai wuce kilo 8 na sinadarin taki ba, shi ya sa suka yi alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015, kuma alkawarin bai cika ba. Da aka sake zama a Nairobi cikin watan Mayun 2024, sai aka haɗa batun taki da batun lafiyar ƙasa a taro guda. An yarda ke nan cewa yawan buhu kaɗai ba ya gyara gona. Roƙona shi ne wannan fahimta ta sauko har rumbunan ajiyar taki na ƙananan hukumominku.

Shuka tana haɗa sukari a ganyenta da hasken rana, amma ba duka take amfani da shi a sama ba. Wani kaso tana tura shi ƙasa, ya riƙa tsattsafowa ta jikin saiwa. Wannan tsattsafin ne yake tara bakteriya da dangin funfuna a kewayen saiwar, har 'yar ƙasar da ke manne da ita ta fi sauran ƙasar gona yawan rai nesa ba kusa ba. Ba sadaka shukar take yi ba, cinikin ba ni gishiri in ba ka manda ne: ta ba su sukari, su kawo mata abin da saiwarta ba za ta iya samowa ita kaɗai ba. Ragamar cinikin kuma a hannun shukar take. Duk ranar da ta sami abin da take nema a sauƙaƙe ta wata hanya, sai ta rage biya, hulɗar ta yi rauni. Taki yana iya ƙarfafa wannan hulɗa, yana kuma iya kashe ta. Irin takin, da yawansa, da amfanin gonar da aka sa wa, su ne suke yanke hukunci.

Idan kun fita rangadi a watan Agusta, ku sa a tono muku gindin gyaɗa guda ɗaya mai kimanin kwana arba'in zuwa hamsin. A tona da fartanya, kada a fizge, sannan a wanke saiwar a hankali cikin bokitin ruwa. Za ku ga wasu 'yan gudaje masu girman ƙwayar gero sun jeru a jikin saiwar. Ku ɓalli ɗaya, ku fasa shi da farce. In cikinsa ja ne, ko jaja-jaja, to aiki yana gudana. In fari ne ko kore-kore, ko dai bai soma ba, ko ya daina. Manoma da yawa suna ɗaukar waɗannan gudaje a matsayin cuta, saboda akwai wata tsutsar ƙasa da ke kumbura saiwa. Bambancin a bayyane yake ga wanda aka nuna wa sau ɗaya: gudan alheri a gefen saiwa yake rataye, da an murza sai ya ɓalle, kumburin tsutsa kuwa jikin saiwar ne kansa ya kumbura, ba ya cirewa.

A cikin gudajen nan akwai bakteriyar da masana ke kira raizobiya. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa a haka. Raizobiya ce take juya shi ya zama abincin shuka. Wannan shi ne aikin da masana'antar takin yuriya ta Dangote da aka buɗe a Lekki cikin watan Maris na 2022 take yi da iskar gas da matsanancin zafi, ta fitar da tan miliyan 3 a shekara idan tana aiki da cikakken ƙarfinta. Gyaɗa da wake da waken soya da gurjiya suna yin nasu a ƙarƙashin kunya, manomi bai biya ko sisi ba. Tun 1886 wasu masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar da wannan, don haka ba sabon ilimi ba ne.

Sai dai aikin yana cin sukari mai yawa, kuma shuka ba ta ɓarna. Idan aka zuba wa wake yuriya, ya ji naitirojin a wadace kusa da saiwarsa, sai ya rage kiran da yake yi wa raizobiya, gudajen da zai yi su ragu, waɗanda ya riga ya yi su tsaya da girma, aikin cikinsu ma ya ja baya. Daga nesa gonar za ta yi kyau, ganye ya yi baƙi ƙirin, yaɗo ya rufe kunya. Ranar roro ake gane cewa ganyen ya fi 'ya'yan. Manomin ya kashe kuɗi ya sayi abin da waken zai samo wa kansa, sannan ya rage ƙarfin da gonar za ta bar wa masara ko dawar baɗi.

To me ke cikin buhunan da aka fi rabawa? Kamfa da yuriya. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce zalla. Kamfar da shirin takin shugaban ƙasa ya yaɗa tun daga ƙarshen 2016 ita ce 20:10:10, wato kason naitirojin da fosfaras da fotash, manyan sinadarai uku da shuka ke ci, kuma naitirojin ya ninka fosfaras. Wannan haɗi an yi shi ne da masara a zuciya, kuma ga masara yana da amfani. Amma mai gyaɗa a Dawakin Tofa, da mai wake a Ɗanbatta, da mai waken soya a Giwa ko Biu, su ma wannan buhun ake miƙa musu, domin shi ke akwai. Abin da suke bukata shi ne sufa, wato takin fosfaras wanda babu naitirojin a cikinsa. Fosfaras ɗin da ke cikin sufa shi ne yake ba gudajen saiwa ƙarfin aiki, kuma ƙasarmu ta savana tana fama da ƙarancinsa. Ga shi kuma sufa tana ɗauke da kalsiyam da salfa, kalsiyam ɗin kuwa shi yake hana gyaɗa yin fanko. Ɗan naitirojin kaɗan a farkon shuka, kafin gudaje su fito, ba ya cutarwa a ƙasar da ta gaji ƙwarai. Zuba shi da yawa ne ɓarna. Duk wanda ya zaga shagunan taki a kasuwannin ƙauye ya san yadda sufa take wahalar samu. Ina roƙonku, a cikin kowane kaso da jiha za ta saya, a ware wa sufa nata rabon gwargwadon yawan gonakin wake da gyaɗa da waken soya na jihar, a kuma faɗa wa manomi a fili wane buhu ne na wace gona.

Akwai wani abin da bai kai buhu nauyi ba, bai kuma kai shi tsada ba, wato garin raizobiya da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan tana yin irinsa na waken soya mai suna NoduMax, kuma shirin N2Africa, wanda ya gudana daga 2009 zuwa 2019 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, ya gwada shi a gonakin manoma a Arewa. Abin da ya fi fitowa a gwaje-gwajen shi ne garin da fosfaras idan aka haɗa su sun fi kowannensu shi kaɗai. Brazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman waken soya a duniya, da irin wannan gari take noma shi, kusan ba ta sa masa takin naitirojin. Mariangela Hungria, masaniyar da ta shafe rayuwarta kan wannan aiki a Embrapa, hukumar binciken noma ta Brazil, ita aka ba Kyautar Abinci ta Duniya a 2025.

Amma garin nan rai gare shi. Zafi yana kashe shi, rana tana kashe shi, yana kuma da wa'adi. Ba za a jibge shi a rumbun kwano cikin watan Afrilu a yi tsammanin zai yi aiki a watan Yuni ba. A inuwa ake cuɗa irin, da ɗan ruwan ƙaro ko na sukari don ya manne, a shuka shi a ranar. Idan jiha za ta shigo da shi cikin tallafinta, dole ta tanadi wurin ajiya mai sanyi, ta kuma sa ido a kan abin da ake sayarwa da sunansa. Manomin da aka sayar wa matacce sau ɗaya ba zai sake saurarar malamin gona a kan maganar ba.

Hatsi ba ya yin gudaje, amma shi ma yana da abokin hulɗa. Wani nau'in funfuna ne da ake kira maikoriza, wanda yake shiga cikin saiwar gero da dawa da masara da albasa da mafi yawan tsirrai, sannan ya miƙa zarurruka masu sirantaka da ido ba ya gani zuwa cikin ƙasa. Fosfaras ba ya tafiya a ƙasa yadda naitirojin yake bin ruwa. Saiwa tana tsotse wanda ke kusa da ita cikin 'yan milimita kaɗan, sauran yana nan amma ba ta kai gare shi. Zarurrukan nan su ne suke tsallake wannan tazara su ɗebo mata, su haɗo da sinadarin zink, su kuma ɗaure ƙwayoyin ƙasa su dunƙule, ruwa ya fi zama. Idan aka cika wa ƙasa fosfaras, shuka tana rufe wa maikoriza ƙofa kamar yadda wake yake yi wa raizobiya. A gonakin tudu na damina ba kasafai muke kai wa wannan matsayi ba, domin ƙarancin ne ya fi damun mu. Inda nake jin tsoro shi ne fadamu da wuraren noman rani irin su Kadawa da Kura, inda mai tumatir da albasa yake zuba taki sau da yawa a fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da an taɓa auna ƙasar ba.

Ga kuma inda maganar ta fi shafar talaka. Idan dawa ta ji ƙarancin fosfaras ko naitirojin, tana ƙara fitar da wani sinadari ta saiwarta mai suna sitirigolakton, domin ta kirawo maikoriza. Masanan Japan ne suka gano wannan aiki nasa a 2005. Abin takaici, ba maikoriza kaɗai ke jin kiran ba. Irin ciyawar wuta-wuta, wanda yake kwance cikin ƙasa yana iya jira fiye da shekara goma, shi ma da wannan sinadari yake gane cewa saiwar hatsi ta zo kusa, sai ya tsiro ya manne mata. Kafin jan furen ya bayyana a saman kunya ya riga ya sha dawar tun a ƙasa: kara ya tsumbure, ganye ya ƙone daga baki, ga ruwan sama yana sauka amma gonar ta yi kamar ana fari. Gindi ɗaya kuma yana zubar da dubban iri. Dattawa sun daɗe suna cewa wuta-wuta ciwon matacciyar gona ce, yanzu an san dalili. Gonar da aka bari da yunwa ita take kiran abin da zai ƙarasa ta. Da an ba ta ɗan taki, kiran yana raguwa. Binciken da aka yi kan dawa a arewacin Kamaru ya nuna cewa dawar da maikoriza ta kama saiwarta sosai wuta-wuta ba ta cika damun ta ba. Waken soya da auduga kuma suna fitar da sinadarin da ke sa irin wuta-wutar hatsi ya tsiro, amma ba ya iya kama saiwarsu, sai ya mutu. Hasali ma a saiwar auduga aka fara gano irin wannan sinadari a 1966. Shi ya sa juya gona tsakanin waken soya da masara yake rage annobar, ya kuma bar wa masarar naitirojin.

Ke nan rashin taki yana ɓata hulɗar, cika shi ma yana ɓata ta, kuma tsakanin biyun akwai ma'aunin da makwabtanmu suka gwada. A tashar cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai aka inganta dabarar sa ɗan taki a ramin shuka, kimanin giram 6 na kamfa, abin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba. Ɗan wannan yana ba gero ƙarfin yin saiwa da wuri, bai kuma kai yawan da zai kori abokan saiwar ba. Ga manomin Jigawa ko Katsina ko Yobe da ba zai iya sayen buhu guda ba, wannan dabara ta fi masa amfani da jiran rabon da watakila ba zai iso gare shi ba. Me zai hana a riƙa sayar da taki mai rangwame a ƙananan ƙunshi na kilo ɗaya ko biyar, da bayanin yadda ake sa shi a rubuce da Hausa da ajami?

Saura maganar da ta fi daɗewa kafin ta nuna kanta. Idan yuriya ta shiga ƙasa, bakteriya ce take sarrafa ta mataki-mataki, kuma a cikin wannan sarrafawa tsami yana fita. Abin da shuka ba ta sha ba ruwa yana wanke shi ƙasa, ya tafi da kalsiyam da magniziyam. Ƙasar jigawa mai rairayi ba ta da ƙarfin jure wannan. Shekara bayan shekara ƙasar tana ƙara tsami, raizobiya ba ta son tsami, fosfaras ɗin da aka saya da tsada yana ɗaurewa ya ƙi sakuwa, saiwa ta gajarce. A nan ne za ku ji manomi yana cewa gonarsa ta saba da taki, in bai ƙara buhu ba ba ta bayarwa. Ba sai mun je Turai neman hujja ba. A Samaru, a cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai filayen gwaji da aka kafa tun 1950, aka yi ta sa wa wasu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu kuma ba komai. Filayen da suka daɗe suna shan takin naitirojin ba tare da kashin shanu ba sun yi tsami, ruɓaɓɓen abin da ke riƙe ƙarfin ƙasa ya ragu a cikinsu. Waɗanda aka haɗa musu biyun su suka riƙe ƙarfinsu. Wannan sakamako a cikin jiharmu ta Kaduna yake, ya kamata kowane jami'in da ke sa hannu a takardar sayen taki ya san shi.

Ƙananan halittun nan ba sa rayuwa da yuriya, abincinsu ruɓaɓɓen ganye ne da kara da kashin dabba. Mu kuwa bayan girbi muna kwashe komai. Kara ya tafi danni da makamashi, harawa ta tafi kasuwa, abin da ya rage a cinna masa wuta lokacin sharar gona, ƙasa ta kwana tsirara wata bakwai cikin rana da iskar hunturu. Ban ga laifin manomi ba, bukata ce ta sa. A da akwai abin da ke mayar wa gona haƙƙinta. Makiyayi yakan sauka a gona da rani, shanu su ci karmami su bar taki, mai gona ya ba shi hatsi. Jakuna kuma suna fita daga birnin Kano da mangala cike da toka da shara zuwa gonakin karkara, abin da ya sa ƙasar da ke kewaye da birnin ta yi ɗaruruwan shekaru ana noma ta ba hutu. Rashin tsaro da rashin yarda sun raba manomi da makiyayi a wurare da yawa, sharar birni kuma ta cika da leda. Duk sulhun da kuka taimaka aka yi tsakanin manoma da makiyaya, aikin taki ne kuka yi. Haka nan kare gawo. Itace ne da shi ma yake hulɗa da raizobiya, yana zubar da ganye da damina lokacin da hatsi ke son rana, kuma kowa ya ga yadda gero yake fin kyau a ƙarƙashinsa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da gonakinsu ta hanyar barin kututturan itatuwa su sake tofo, mu a nan ana sare su ana yin gawayi.

Duk wannan ba zai isa gona ba sai ta bakin malamin gona, kuma kun fi ni sanin yadda hukumomin raya aikin gona suka rasa ma'aikata, waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Waɗanda suka rage ma sau da yawa an mayar da su masu rubuta sunaye a ranar rabo. Kuɗin tirela ɗaya ta taki zai horar da malamai masu yawa, ya kuma saya musu 'yan kayan auna tsamin ƙasa da za su shiga jaka. Cibiyar faɗakar da manoma ta NAERLS da IAR suna Zariya, IITA tana da tasha a Kano, Jami'ar Bayero tana da cibiyar noman yankunan da ke da ƙarancin ruwa. Masanan suna nan kusa da ku, a gayyace su tun lokacin da ake tsara abin da za a saya, ba sai ranar yanke kyalle ba.

Ina roƙon kowannenku ya sa hukumarsa ta ware fili a kowace ƙaramar hukuma a daminar bana, a gefen hanyar da mutane ke bi zuwa kasuwa. A raba shi uku, a shuka waken soya iri ɗaya rana ɗaya: kashi na farko a sa masa yuriya, na biyu sufa da garin raizobiya, na uku a bar shi haka. Idan ya fara fure a tara manoma, a tono gindi daga kowane kashi, su fasa gudajen da hannunsu. Ranar girbi a auna a gabansu, a lissafa abin da aka kashe wa kowane kashi. Baɗi a shuka masara a filin gaba ɗaya, a sake aunawa, a kuma karanta sakamakon a gidan rediyon jiha kafin a tsara sayen takin shekara mai zuwa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin gona mai ritaya,
Zariya.